Yadda za ka koyi Malayalam ta titi ba tare da ka zagi kowa ba

'Yan uwa da ke aiki a Dubai da Katar da Saudiyya da Oman, da wasu ɗalibanmu da ke kudancin Indiya, sun daɗe suna min tambaya ɗaya: wai wane yare ne mutanen jihar Kerala ta kudancin Indiya ke yi, kuma ta yaya mutum zai ɗan iya shi har ya riƙa wasa da dariya da su a wurin aiki? Wasu sun zata tunda sun sha kallon fina-finan Indiya tun suna yara ai an gama, sai su je su yi musu Hindi su ga mutum ya tsaya yana kallonsu kawai. Yaren Kerala sunansa Malayalam, dangin Tamil ne ba dangin Hindi ba, kuma mutum wajen miliyan 35 ne ke jinsa bisa ƙidayar 2011. Su ne za ka tarar cike da shagunan shayi da asibitoci da kantuna a ƙasashen Larabawa, shi kansa mai manyan kantunan LuLu, M.A. Yusuff Ali, ɗan gundumar Thrissur ne.

Abin da zan nace a kai shi ne jeri. Kalmomin wasa su ne suka fi daɗi kuma su kowa ke ɗokin fara haddacewa, amma su ya kamata su zo kusan ƙarshe, in ka fara da su za ka kira dattijo da sunan da ake kiran yaro, ka kuma ɓata wa mutum rai ba ka sani ba. Ka bi matakan kamar yadda na jera su.

1. Haɗa kayan aiki

Waya da data da ɗan littafi da biro, su ke nan. A allon rubutu na Gboard ka ƙara Malayalam, ka zaɓi wanda kake rubutawa da haruffan boko yana mayarwa zuwa nasu rubutun, kyauta ne. Akwai ƙamus na intanet mai suna Olam, shi ma kyauta, daga Turanci zuwa Malayalam. Google Translate yana da Hausa yana da Malayalam, kuma zai karanta maka kalma ka ji sautinta. A Instagram ka nemi Eli Kutty, wata malama ce Ba'amurkiya da ta koyi yaren tana koyar da baƙi irinmu, ta san inda harshen baƙo ke sarƙewa. Don jin maganar matasa kuwa akwai tashar barkwanci ta Karikku a YouTube.

Kuɗin da za ka kashe na data ne kawai, bidiyo ne ke cinye shi, don haka ka sauke a inda akwai wifi ka riƙa maimaitawa. Malamin biya a shafukan koyon yare irin su italki ko Preply ba dole ba ne a wata na farko, ka bari sai kunnenka ya buɗe. Minti 15 zuwa 20 kullum sun fi awa uku ranar Juma'a kaɗai.

Gargaɗi: kar ka dogara da Google Translate a kan kalmomin wasa. Yana fassara su ne gaba-gaɗi, a ce masa "pani kitti" ya ce maka an samu aiki, alhali mutumin cewa yake ya shiga uku.

Abu ɗaya game da rubutu, a WhatsApp yawancinsu da haruffan boko suke rubuta yarensu, suna ce masa Manglish, shi zan bi a nan. Duk inda ka ga "ch" ka karanta shi kamar "c" ɗinmu, "chaaya" ka ce caaya.

2. Gano daga ina abokin hirarka ya fito

Kafin ka rubuta kalma ko ɗaya a littafinka ka tambayi mutumin da za ka fi yin hira da shi, "Naattil evideya?", wato a gida wane gari kake. Tambaya ce da su kansu suke yi wa juna da zarar sun haɗu a waje, kuma za ka ga fuskarsa ta saki. Amsar tana da amfani domin maganar Kerala ta bambanta daga arewa zuwa kudu sosai.

Mutumin Malappuram da Kozhikode, a yankin da ake kira Malabar inda Musulmi suke da yawa, zai ce "ijj" a maimakon "nee" wato kai, ya ce "ingal" don girmamawa. Mutumin Thrissur yana magana kamar yana rera waƙa, abokinsa "gadi" ne, "mene ne" kuma a bakinsa "enthootta". Na Kottayam "ennaa" zai ce. A Thiruvananthapuram, babban birnin jihar, ana ce wa ɗan ƙaramin yaro "appi" cikin so, amma ka fita daga yankin kalmar tana nufin kashi. A Kannur "chaaduka" jefar da abu ne, a sauran wurare tsalle ne.

Saboda haka kowace kalma ka rubuta, ka sa sunan garin wanda ya ba ka ita a gefe.

Gargaɗi: kar ka kwaikwayi karin harshen wani yanki a gaban ɗan wani yankin don a yi dariya. Su suna yi wa juna wannan tsokanar, kai baƙo ne, jira sai an jawo ka ciki.

3. Sunayen kira, nan ne tushen komai

Ka ba wannan matakin mako guda cur ko fiye. Mutanen Kerala ba sa kiran na gaba da su da sunansa tsirara, kuma in za su iya sukan kauce wa cewa "kai" gaba ɗaya, sai su sa sunan girmamawa a wurin.

Namiji da ya girme ka, ko wanda ba ka sani ba a shago ko direban tasi, "chetta", wato yaya. Mace da ta girme ka "chechi". In Musulmin Malabar ne ka ce "ikka", macen kuma "itha". Ana manna su a jikin suna ma, shi ya sa masoyan jarumi Mohanlal ke ce masa Lalettan, na Mammootty kuma ke ce masa Mammookka. Yaro ƙarami "mone", yarinya "mole", dattawa ma haka za su kira ka ko kana da gemu, kar ka ji haushi, so ne. Shugaba a wurin aiki ko jami'i "saare".

Sai na abokai. "Machane" da "aliya" asalinsu sunayen dangi ne, ɗan kawu da suruki, amma samari sun mayar da su sunan aboki, kusan yadda taubasai ke sakin baki da juna a wurinmu. "Chunk" shi ne amini na ƙut da ƙut, daga kalmar ƙirji aka ɗauko. "Eda" ko "da" ga namiji, "edi" ko "di" ga mace, waɗannan sai tsakanin sa'anni da suka saba sosai ko babba ga yaro.

Gargaɗi na farko: "eda" da "nee" ga wanda ya girme ka rashin kunya ne tsagwaronsa. "Edi" ga macen da ba ka sani ba ya ma fi muni, kuma ni shawarata namiji baƙo ya bar "edi" gaba ɗaya, "chechi" ko sunanta sun wadatar. Ka bari su fara ce maka "machane" kafin ka mayar.

Gargaɗi na biyu, kuma wannan ka ja masa layi: "chetta" ta yaya ana jan wasalin farko ne, ceeTTaa, harshe ya lanƙwashe baya. In ka gajarta shi ka ce cetta da kan harshe a bayan haƙora ka faɗi wata kalma daban mai nufin ƙasƙantacce, ɗan iska. A Manglish rubutunsu iri ɗaya ne, kunne ne kawai ke rabewa. Ka sa abokinka ya faɗi duka biyun ka ɗauka a waya.

4. Gyara harshe

A nan Bahaushe yana da sa'a fiye da Bature. Mun saba da dogon wasali da gajere, mun saba da ninka baƙi, kuma muna da "r" iri biyu, su ma haka. Ka faɗi "ruwa" a hankali ka lura da yadda harshenka ke komawa baya kafin ya bugo, to wannan lanƙwasar ita kake buƙata wajen wasu "n" da "l" da "t" nasu. Sai "zh" da za ka gani a Kozhikode da "pazham" ayaba da "mazha" ruwan sama, ba "z" ba ce sam. Ka kai harshe inda kake fara "r" ta ruwa, ka hana shi taɓa ganda, ka saki murya, shi ke nan. Zai ɗauki kwanaki, kar ka damu.

Kalmomin da za ka yi atisaye da su, bibbiyu ko uku-uku:

"Pani" da harshe a lanƙwashe aiki ne, "pani" da "n" ta kullum zazzaɓi ne, "panni" da ninki kuma alade. Ka ga wanda yake son ce wa abokin aikinsa yana da aiki ko yana zazzaɓi, ya je ya ninka "n".

"Kollaam" da "l" mai lanƙwasa na nufin ya yi kyau, da "l" ta kullum kuma na nufin a kashe. "Kallu" da "l" ta kullum dutse ne, da mai lanƙwasa bammin kwakwa ne mai sa maye.

Hanyar da ta fi aiki: abokinka ya turo maka saƙon murya, ka saurara sau da yawa, ka ɗauki naka ka tura masa ya gyara. Rubutu ba zai koya maka wannan ba.

5. Gaisuwa da 'yan kalmomin riƙe hira

Yanzu ka fara buɗe baki. "Sukhamano?" lafiya lau, amsa "sukham". "Enthokke undu?" ya ake ciki. Amma gaisuwar da za ka fi ji ita ce "Kazhicho?", ka ci abinci, ko "Chaaya kudicho?", ka sha shayi. Ba gayyata ba ce ko da yaushe, gaisuwa ce, ka ce "kazhichu" ko "kudichu" ka mayar masa da tambayar. Da Musulmi sallama tana aiki yadda ka santa.

Sai ƙananan nan da ke sa a ji kana bin magana: "sheri" to, "athe" e, "aano?" haka ne, "pinne" sannan fa, "mathi" ya isa, "venam" ina so, "venda" ba na so. "Illa" babu, "alla" ba haka ba ne, kuma kar kunnenka ya ruɗe ka, wannan "alla" ba sunan Ubangiji ba ne. "Ayyo" kusan wayyo ce ko ayya, ana yin ta wajen tausayi da mamaki da jin zafi duka. Wajen mamaki Musulmi kan ce "ente padachone", Kirista "ente karthave", kowa da kowa kuma "ente daivame" ko "ente ammo". In kai Musulmi ne ta farkon ita ta dace da bakinka, ya Mahaliccina take nufi.

Guda uku na ceton rai: "manassilayilla" ban gane ba, "pathukke parayu" yi a hankali, "kurachu kurachu ariyam" kaɗan-kaɗan na iya. Ta ƙarshen nan kusan kullum sai ta sa an yi murmushi.

Gargaɗi: "nanni" ita ce na gode a littafi, amma a hirar yau da kullum ba a cika faɗinta ba, yawanci ta Turancin suke yi ko su yi murmushi su kaɗa kai. Kaɗa kan nan gefe da gefe kuma ba a'a ba ne, na ji na yarda ne.

6. Kalmomin yabo tukuna

Daga cikin kalmomin wasa ka fara da na yabo domin ko ka sa su a inda bai dace ba babu wanda zai ji ciwo. "Adipoli" ita ce uwa, abinci adipoli, sabuwar riga adipoli, wasan ƙwallo adipoli, yaro da babba duk suna faɗinta. "Kidu" da "kidilam" abu ya haɗu. "Poli", da matasa ke rubutawa "pwoli", ita ma haka. In mutum ya yi bajinta ka ce "polichu" ko "thakarthu", wato ya fasa ya ragargaza, "polichu machane!" ita ce abin da za ka ji in an ci ƙwallo. "Kollaam" ta fi su sanyi, ba laifi ya yi, kuma a kan ja ta da wata murya a yi gatse da ita, don haka ka lura da fuska.

"Pinnalla!" ina sonta sosai, ita ce sosai ma, to da fa. Wani ya ce biriyanin Kozhikode babu kamarsa, ka ce "pinnalla", ka gama sayen zuciyarsa.

Ka ɗauki biyu kawai a mako, ka yi ta amfani da su har su zauna.

7. Kalmomin matsala da tsokana

Sai ka kai wata guda ko fiye, kuma kana da aboki ɗaya aƙalla da yake ce maka "machane", sannan ka shigo nan.

"Pani kitti" na faɗa a sama, an shiga matsala. "Pani paali" abu ya kwaɓe. "Ettinte pani" babbar matsala ce, irin wadda ba a fita da sauƙi. "Scene aanu" akwai rigima, "scene illa" ba komai, kar ka damu. "Post aayi" an shanya ni, kamar ka yi awa guda a tashar mota kana jiran wanda ya ce gashi nan zuwa. "Chumma" haka kawai, ba dalili, a tambaye ka me ya kawo ka ka ce chumma, ka tsokani mutum ya fara ɗaure fuska ka ce "chumma paranjatha", wasa nake. Wannan jimlar ka haddace ta kafin duk sauran, ita ce birkinka.

"Thallu" cika baki ne da zuƙi ta malle, in aboki ya fara ba da labarin da ya fi ƙarfin gaskiya sai a ce masa "thallalle". "Chali" asalinta taɓo, ana nufin barkwancin da bai ba da dariya ba, akwai ma shahararren shafi a Facebook mai suna International Chalu Union da ke tara irin wannan raha, in ka fara gane hotunansu to ka yi nisa. "Theppu" guga ce ta kaya, amma a bakin matasa yaudarar soyayya ce, wanda masoyi ya watsar an goge shi ke nan. "Freakan" saurayi ne mai askin gayu da babur da ƙyale-ƙyale.

Gargaɗi: "poda" da "podi", tafi can, tsakanin aminai dariya ce, ga wanda ba ka saba da shi ba neman faɗa ne. "Mandan" wawa, "vattaano?" ka haukace ne, su ma haka. "Theppu" kuma kar ka jefi wata mace da ita ko da wasa, kalma ce da ake yawan cin zarafin mata da ita kuma da yawa ba sa sonta.

8. Fita gwaji a shagon shayi

Wuri mafi sauƙi shi ne ƙaramin shagon shayi, a Dubai kofin shayi dirhami ɗaya ne ko biyu, a Kerala kuma rumfar bakin titi da suke kira "thattukada". Ka je lokacin da babu cunkoso, kafin ma'aikata su taso, domin mai shago da layi a gabansa ba shi da lokacin ɗalibi.

Ka tsaya gaban kanta, ka yi sallama in ka ga alamar Musulmi ne, ka ce "Ikka, oru chaaya", ko "Chetta, oru chaaya", shayi ɗaya. In ba ka son madara "kattan", in kana son baƙin shayin Malabar mai ɗan kayan ƙamshi ko lemon tsami "sulaimani". Sukari kaɗan, "madhuram kurachu". Zai ɗaga kofi sama ya tsiyayo shayin cikin wani ya yi kumfa, ya turo maka, ya nuna gilashin da ke gefe ya tambayi "kadi", abin taɓawa ke nan, ka ce "randu pazham pori", soyayyar ayaba guda biyu, kuma ga "zh" ɗinka ta samu wurin gwaji. Ka kurɓa ka ce "adipoli". Ka tambayi kuɗi da "ethraya?". Ƙirga biyar na farko sun ishe ka a nan, onnu, randu, moonnu, naalu, anchu, amma gaban suna "oru" ake cewa ba "onnu" ba. Za ka tafi ka ce "potte", bari in wuce, ko "kaanam", sai mun haɗu.

Gobe ka koma shagon nan dai, kar ka canza. Ranar farko mamaki zai yi, bayan 'yan kwanaki shi da kansa zai fara ƙara maka kalmomi ya kira yaran shago su zo su ji.

Gargaɗi: in a Kerala kake, wurin da aka rubuta kallu ko ake ce wa "shaap" gidan bammi ne duk da ana sayar da abinci a ciki, kuma a wasu gidajen abinci musamman yankunan Kirista ana dafa "panni". Ka tambaya kafin ka zauna.

9. Tace kowace sabuwar kalma

Samari ko'ina halinsu ɗaya, wani zai koya maka ashar ya ce gaisuwa ce don ka je ka faɗa wa shugaban aiki su yi dariya. Ashar a yarensu "theri" ne, to ka riƙe wannan tambayar, "Ithu theri aano?", wannan zagi ne? Duk kalmar da aka ba ka ana ƙunshe dariya, ko aka ce je ka faɗa wa wane, kar ta fita bakinka sai ka kai ta wurin mutum na biyu, zai fi kyau dattijo ko wata chechi mai kamun kai, ka nuna a rubuce ka ce an koya min wannan. "Patti" kare ne, "thendi" ɗan bara ne mara mutunci, duka zagi ne, ka san su don ka gane in an faɗa amma ba naka ba ne.

A littafinka ka raba shafi gida uku, na kowa da kowa, na abokai kawai, da na ji kawai ba faɗa. Sabuwar kalma ta fara zama a gida na uku, sai ka ji mutum biyu daban sun faɗe ta a gabanka ka ga wa suka faɗa wa da yadda ya karɓa, sannan ka matsar da ita gaba. Haka ma a zauren WhatsApp na wurin aiki, ka yi mako kana karantawa kafin ka fara jefa naka, kuma ka fara da "adipoli" ko "pinnalla" a ƙarƙashin hoton abinci, domin a zaure akwai manya da ba ka san shekarunsu ba kuma rubutu ba ya nuna cewa murmushi kake.